Rijiyoyi Bakwai a Gidan Injiniya Ɗalha

Duk faɗin Gwandu babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta mai da Ɗalha injiniya, amma kuma babu mai ƙarfin yin musu da shi, don in ka fara musu da Ɗalha bayan La'asar, kiran Magariba ne kawai zai raba ku, shi ma da ƙyar. Abin da aka sani shi ne ya je kwas na sati uku a Birnin Kebbi, ya dawo da jakar rataya da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, ya kuma sami aiki a Kalgo, a ofishin wata ƙungiya mai suna Guga Ɗaya, masu haƙa wa ƙauyuka rijiyar burtsatse. Tun daga ranar, ko matarsa Hauwa'u in ta kira shi Baban Mufida sai ya yi kunnen ƙashi, har sai ta ƙara da Injiniya.

Su uku ne a ofishin. Akwai shugaba, Malam Sirajuddeen, mutum mai haƙuri da hawan jini. Akwai Ruƙayyatu, wadda ba ta cika magana ba, kuma ita ta haɗa taswirar da ƙungiyar ke aiki da ita a kwamfuta. Sai Ɗalha, wanda ke yin maganar mutum uku.

Taswirar nan ba abu guda ba ce. Shimfiɗa-shimfiɗa ce, kamar a ɗora tabarma kan tabarma: ta rijiyoyi daban, ta hanyoyi daban, ta makarantu, ta tafkuna, ta burtalin shanu, har ashirin da bakwai. Kowace shimfiɗa tana ɗebo abin da za ta nuna daga rumbun bayanai, kuma a bakin kowace Ruƙayyatu ta rubuta sharaɗi, wato 'yar jimla mai aikin rariya. Abin da ya cika sharaɗi ya fito kan taswira, wanda bai cika ba ya zauna cikin rumbu. Rijiyar da ta rufta, alal misali, tana nan a rubuce, amma ba za ka gan ta ba.

Shekara biyu da suka wuce aka cika rumbun. Kowa aka ba shi waya mai maɓalli, ka je bakin rijiya ka tsaya ka danna, ta ɗauki wurin. Ruƙayyatu ta yi wata guda tana yawo a rana ta kawo casa'in. Ɗalha ya kawo ɗari uku da sha biyu cikin kwana tara, kuma babu mai shayin da bai ji wannan adadi ba daga Gwandu har Kalgo. Abin da bai faɗa ba shi ne, tun ranar farko ya gano maɓallin nan ba ruwansa da rijiya, ko ina ka danna dannuwa yake. Sai ya shiga gari, ya sami inuwa, ya tambayi rijiya nawa aka taɓa haƙawa a nan, ya danna sau adadin, ya sha ruwa ya hau babur. A gida ma in ya yi baƙi sai ya danna musu su ga yadda ilimi yake. Tuni ya manta da wannan duka, don Ɗalha adadi kawai yake riƙewa.

To bana rijiyar burtsatse ɗaya ta rage wa ƙungiyar, wurare uku kuma suna nema: Dodoru, Ceberu, da wata ruga da ke bayan Kambaza. Ƙa'idar ƙungiya a fili take, wurin da taswira ta nuna ya fi ƙarancin rijiya mai aiki, nan za a haƙa. Ranar Alhamis za a taru a Kalgo a yanke, kuma baƙo zai zo daga Kaduna, wani Injiniya Muzzammil, wakilin masu ba da tallafin.

A rugar nan akwai wata tsohuwa, Hajjo, mai kawo fura da nono bakin tasha a Gwandu. Rijiyarsu ta ƙarshe ta rufta damina biyu da suka wuce, tun lokacin matan rugar ke takawa har Kambaza da sassafe su ɗebo, ita ma Hajjo da ciwon gwiwarta tana cikinsu. Ɗalha kuwa ya daɗe da gaya mata ta kwantar da hankalinta, rijiyar nan a ɗan yatsansa take. Hajjo ta yarda, baiwar Allah. Duk ranar da ya zauna gaban ƙwaryarta sai ta ƙara masa ludayi biyu, ta sa masa man shanu a leda ya kai wa wadda take kira ɗiyarta, Hauwa'u.

Ranar Litinin saƙo ya zo daga Kaduna cewa baƙon yana son ya ga sharaɗin kowace shimfiɗa a rubuce, don ya san yadda taswirar ke zaɓen abin da take nunawa. Ruƙayyatu tana shirin tafiya Argungu sunan ɗan yayanta. Ta ce a bari ta dawo Laraba, za ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya ta kwafe, kuma don Allah kada kowa ya taɓa komai. Da ta ce kowa, Ɗalha take kallo.

Ko mayafinta bai gama fita ƙofa ba Ɗalha ya ja kujerarta.

"Yallaɓai, ɗaya bayan ɗaya a wanga zamani? Sai ka ce masu tsintar wake. Sikirif zan rubuta, umarni guda, ya bi shimfiɗun nan duka ya karanto sharuɗɗansu kafin ka gama shan shayinka."

Malam Sirajuddeen ya tambaye shi ko ya taɓa yi. Ɗalha ya yi wata 'yar dariya ta tausayi, ya ce a Birnin Kebbi malamin ma shi yake tambaya in abu ya cije. Shugaba ya haɗiye maganinsa na hawan jini, ya ce dai a yi a hankali, ya tafi duba wani fanfo da ya lalace.

Rubuta sikirif dai Ɗalha bai iya ba, amma ya iya nema a waya. Ya yi ta lalube har ya samo guda biyu a wani dandalin masu taswira. Na farko gajere ne, layi shida, aikinsa ya karanto sharaɗi ya nuna. Na biyu dogo ne, layi talatin da wani abu, aikinsa ya sauya sharaɗi da sabo. Bayanin yana nan a sama da Turanci ƙarara, amma Ɗalha ba ya karanta abin da ke sama, a ganinsa wannan na 'yan koyo ne. Ya dubi gajeren ya taɓe baki. Injiniya guda da layi shida? In baƙon Kaduna ya gani ai sai ya raina su. Ya kwafi dogon. Wurin da aka ce a rubuta sabon sharaɗi bai san me zai sa ba, sai ya bar shi fayau, ya yi bisimilla ya danna.

Kwamfuta ta ɗan yi nishi. Sai taswira ta fara tsiro. Ɗigo shuɗi nan, ɗigo shuɗi can, kamar an watsa gero a tsakar gida, har ƙasar Gwandu da Kalgo ta cika maƙil da rijiyoyi. Sikirif ɗin ya bi rariya ashirin da bakwai ya ɓalle musu gindi, duk abin da ke rumbu ya zubo. Kwamfuta ta tambaye shi ko a adana wannan canji. Ya ce mata sosai ma.

Farin ciki ya kusa kashe shi. A fahimtarsa, ya bankaɗo rijiyoyi ɗari uku da Ruƙayyatu ta yi shekara biyu tana ɓoyewa saboda hassada. Ya buga taswirar a babbar takarda, ya naɗe ta, kuma duk da ba ranar zuwansa gida ba ce, ya hau babur ya kama hanyar Gwandu, don irin wannan labari ba ya kwana a cikin Ɗalha.

Bayan La'asar ya shimfiɗa ta kan teburin mai shayin unguwarsu, ya danne kusurwoyin da gwangwanin madara. Jama'a suka taru. Ya yi musu bayanin sikirif, ya ce wani abu ne da ke ganin abin da idon mutum ba ya gani, har ƙarƙashin ƙasa. Wannan ƙarin na ƙarƙashin ƙasa a nan take ya zo masa, ya ji ya yi daɗi, ya maimaita. Maƙwabcinsa Hamidu tela ya sa tabarau ya bi layin unguwa da yatsa, ya wuce masallaci, ya wuce injin niƙa, ya tsaya.

"Injiniya, wanga ba gidanka ba ne?"

Gidansa ne. Ɗigo bakwai ne a ciki, uku a zaure, biyu a tsakar gida, ɗaya a madafa, ɗaya kuma daidai inda gadonsa yake. Da wani mutum ne da gabansa ya faɗi, Ɗalha kuwa ƙirji ya buga, ya ce dama ya daɗe yana jin sanyi-sanyi a ɗakin nan, ashe kan ruwa yake kwana. Hamidu ya ƙara dubawa ya ga shi ma yana da guda a shagonsa, ƙarƙashin keken ɗinki, ya ce to Alhamdulillahi, shekara ashirin yana taka ruwa bai sani ba.

Maganar da aka yi a teburin mai shayi ba ta buƙatar mota. Washegari da hantsi Hauwa'u tana shara ta ji sallama, ta leƙa ta ga mata sun kai goma sha biyar a ƙofar gida, kowace da jarka ko bokiti, wata har da guga da igiyarta. Suka ce sun ji Allah ya buɗa wa gidan, rijiya bakwai, sun zo a taimaka musu da ta zaure ma ta isa. Wasu da gaske suka zo, wasu kuwa kallo ya kawo su, jarkar ta rakiya ce.

Hauwa'u, wadda ke jiran mai kurar ruwa tun asuba ko wanke-wanke ba ta yi ba, ta jingine tsintsiya ta shiga ɗaki. Ɗalha yana gyara hula a madubi.

"Injiniya, tashi ka ɗaga gadon nan in ɗebi na wanke-wanke, ga baƙi kuma na jiran na zaure."

Ya fara yi mata bayanin cewa ruwan na ƙarƙashin ƙasa ne, sai an yi bincike. Ta ce ita ma binciken take yi, shekara tara tana neman abu ɗaya da ya faɗa ya tabbata, har yau ba ta samu ba. Ta ce ya fita ya sallami matan da bakin da ya tara su. Bai fita ta zaure ba, ta ƙofar baya ya tura babur, ya bi ta lungun da ake zubar da toka, bai tayar da shi ba sai da ya yi nisa.

Tasha ya nufa, don fura ke daidaita masa tunani. Hajjo ta gan shi ta washe baki, ta ce ta ji labarin takardar, a nuna mata rugarsu. Ya buɗe yana taƙama, ya bi hanyar Kambaza da yatsa, ya zagaya bayan gari, sai yatsan ya tsaya cak. Ɗigo biyar ne reras a rugar, a jere gindin wata tsamiya, kowane da alamar yana aiki. Nan ne fa tsamiyar ta dawo masa. Ya tuna tabarmar da aka shimfiɗa masa, ya tuna ya tambayi rijiya nawa suka taɓa haƙawa tun zamanin kakanni aka ce biyar, ya tuna yatsansa yana danna maɓalli yana shan nono da ɗaya hannun. Dodoru tana da biyu a taswirar, Ceberu ɗaya. In aka buɗe wannan ranar Alhamis, rugar Hajjo ce ta fi kowa ruwa a ƙasar Gwandu, in ka cire ɗakin kwanansa.

Hajjo ta tambayi mene ne waɗannan shuɗɗan. Ya ce alamar an zaɓe su ce, har sau biyar. Tsohuwa ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a mai tsawo, ta ƙara masa ludayi uku. Wallahi kunya ta kama shi irin wadda bai saba da ita ba. Amma kunyar Ɗalha ba ta kai shi ga faɗin gaskiya, gyara take kai shi, kuma gyaransa ya fi ɓarnarsa tsada.

Da Azahar yana Kalgo. Ya tuna sharaɗin rijiyoyi yana da alaƙa da aiki, sai ya cike gurbin nan da ya bari fayau, ya rubuta a nuna mai aiki kawai, ya sake sakin dogon sikirif. Sikirif kuwa ba ya tambaya, ya ɗora wannan sharaɗi kan shimfiɗa ashirin da bakwai. Hanyoyi ba su san zancen aiki ba, suka ɓace. Makarantu suka ɓace, burtali ya ɓace, gulbi ya ƙafe, garin Kalgo kansa aka neme shi aka rasa. Abin da ya rage a farin allo ɗigo ne shuɗɗa, kuma biyar ɗin Hajjo suna nan daram, don da ya danna su duk masu aiki ya ce.

Malam Sirajuddeen ya leƙo ya ga allo fari, ya tambayi ina garuruwan. Ɗalha ya ce ya aike su wanki ne, sikirif yana tsabtace su, gobe za su dawo. Shugaba ya dafa ƙirji, ya kira Ruƙayyatu, wayarta a kashe, ana can ana shagalin suna. Ranar Laraba ta aiko cewa motarsu ta lalace, sai Alhamis da safe.

Laraba Ɗalha ya wuni yana gumi. Ya sake sakin sikirif da gurbi fayau, garuruwa suka dawo, rijiyoyi ɗari huɗu suka dawo tare da su. Ya yi ƙoƙarin goge biyar ɗin daga rumbu, rumbu ya nemi kalmar sirri, wadda ke kan Ruƙayyatu. Ya gwada sunanta, ya gwada sunan garinsu, ya gwada nasa sunan ko Allah zai sa, rumbu ya kulle ƙofar gogewa gaba ɗaya. A ƙarshe dabara ta zo masa, kuma a ganinsa ta injiniyoyi ce: tunda da majigi za a haska taswirar a bango, shi kuma mai bayani ne, sai ya sa babbar riga ya tsaya daidai kan rugar.

Ranar Alhamis zauren taron ya cika. Ga wakilan Dodoru, ga na Ceberu, ga masunta da manoman Kalgo da suka shigo kallo, ga Hajjo da mata huɗu daga ruga sun sha kitso da 'yan kunne, sun zo karɓar rijiyarsu. Har Hamidu tela ya rufe shago ya biyo mota, ya ce ba za a ba shi labari ba. Baƙon Kaduna, Injiniya Muzzammil, ɗan siriri ne mai ƙaramar riga, yana zaune da littafi a cinya.

Aka rufe tagogi aka kunna majigi. Ɗalha ya baza babbar riga ya tsaya a wurinsa, ya fara jawabi. Abin da bai lissafa ba shi ne, majigi ba ya sanin bango da mutum. Rugar Hajjo ta fito tsaf a kan farar shaddarsa, ɗigo biyar a jere daidai kan tumbinsa, suna hawa suna sauka yana numfashi.

Wakilin Ceberu ya taso da sandarsa, ya ce a gafarce shi, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya yana taɓa cikin Ɗalha da bakin sandar. Ya ce biyar. Ya ce su da ke da ɗaya tak, wadda ake layi a kanta tun asuba, ashe da masu biyar suke takara. Ɗalha ya matsa hagu, ɗigon suka koma bango, suka ƙara fitowa. Wani tsohon masunci ya nuna wani ɗigo a tsakiyar gulbi, ya ce shekara arba'in yana jefa taru a wurin nan bai taɓa karo da bakin rijiya ba, amma ya tuna ranar da ya tsallakar da Injiniya a kwalekwale yana ta latsa waya. Hamidu daga baya ya ce a duba Gwandu ma, akwai gidan da ya fi gulbin ruwa.

Dariya ta tashi, amma baƙon bai yi ba. Ya ce shi ƙa'ida aka aiko shi ya bi, in taswirar ƙungiya ta ce ruga na da biyar masu aiki, to rijiya ta Ceberu ce. Ya buɗe alƙalami.

Sai Hajjo ta miƙe, tana dafa gwiwa. Ta fuskanci Ɗalha.

"Ɗana, ba ka ce alamar an zaɓe mu ce ba? To in rijiyoyi ne, taso mu tafi ka nuna mini guda. Guda ɗai. In na sha daga gare ta, na yafe wagga."

Ɗalha ya cire tabarau ya hau goge shi da bakin riga. Idon tsohuwar ya cika da ƙwalla, matan da ke bayanta suka sunkuyar da kai. Malam Sirajuddeen yana lalube aljihu yana neman magani.

Daidai nan Ruƙayyatu ta shigo, da jakar tafiya a hannu da lalle a ƙafa. Ta dubi bango, ta dubi Ɗalha. Ta ciro filas, ɗan abin ajiyar bayanan kwamfuta, daga cikin makullanta, ta ce tana da kwafin taswirar na ranar Juma'a, a ba ta minti biyu. Ta buɗe shi. Rijiyoyi ɗari uku suka ɓace kamar an share, ta gulbi ta tafi, bakwai na gidan Ɗalha suka tafi. Dodoru biyu, Ceberu ɗaya, rugar Hajjo fayau babu ko ɗigo.

Da Ɗalha ya yi shiru a nan, da ya tsira da sauran mutuncinsa. Amma ina. Yana ganin ƙofa ta buɗe sai bakinsa ya dawo. Ya ce jama'a su shaida, ga abin da yake faɗa, taswira biyu daga rumbu ɗaya, wa ya san abin da aka rubuta a sharuɗɗan nan da ake ɓoye aikin mutane da su? Wakilin Ceberu ya ce wannan gaskiya ne, a karanto. Baƙon ma ya ce dama abin da ya nema ke nan tun Litinin.

Ruƙayyatu ta ce za ta kwafe ta ba baƙon a takarda, shi kaɗai. Ɗalha ya ce a'a, a bango, gaban kowa, kuma da sikirif ɗinsa. Ta karɓi wayarsa ta duba guda biyun, ta ce gajeren ne mai karantawa, dogon kada ya ƙara kusantar kwamfutarta. Sannan ta rage murya.

"Malam Ɗalha, ka tabbata kana son a karanta a nan?"

"Ni injiniya ne, ba na tsoron bayanai."

Ta sake tambaya, ya sake tabbatarwa. Ta matsa ta ba shi wuri, shi da kansa ya danna a kan kwafin na Juma'a.

Layi shidan nan suka yi aikinsu cikin ƙiftawar ido, sharuɗɗa ashirin da bakwai suka jeru a bango. Baƙon ya gyara zama ya fara karantawa yana mayarwa da Hausa don kowa ya ji. Shimfiɗar rijiyoyi: a nuna wadda ke aiki, banda abin da Ɗalha ya shigar. Shimfiɗar tafkuna: a nuna mai ruwa har rani, banda abin da Ɗalha ya shigar. Makarantu, banda abin da Ɗalha ya shigar. Burtali, banda abin da Ɗalha ya shigar. Tun yana karantawa shi kaɗai, da aka kai ta shida zauren gaba ɗaya ke amsa masa ƙarshen kamar 'yan amshi, har da matan ruga. Sau goma sha tara sunan ya fito.

Baƙon ya tambayi dalili. Ruƙayyatu ta ce shekara biyu da suka wuce ta bi wuraren da Ɗalha ya shigar guda arba'in da ƙafarta, ta sami inuwa arba'in, rijiya ko ɗaya babu. Ba ta goge ba don ba ta son ta tozarta shi a gaban shugaba, ga shi da iyali, sai ta sa masa rariya a duk shimfiɗar da hannunsa zai iya kaiwa, ta yi shiru. Ta faɗi haka ba tare da ta kalle shi ba, kuma wannan ya fi dariyar yi masa ciwo.

Wakilin Ceberu ya ce shi ya gamsu, masu tafiya Kambaza ɗibar ruwa sun fi su buƙata, Allah ya kai su baɗi. Baƙon ya rubuta sunan ruga ya sa hannu. Hajjo ta zauna ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta na rawa, babu wanda ya san kuka take ko dariya, wataƙila duka biyun. Da zai fita, baƙon ya ce gajeren sikirif ɗin nan yana da kyau, a riƙa amfani da shi. Wannan kaɗai Ɗalha ya ɗauka daga taron.

Ba a kore shi ba, Malam Sirajuddeen ba ya iya korar ko kaza. An dai karɓe wayar mai maɓalli, an mai da shi mai kula da janareta da naɗe taswira. Kwana uku bai je teburin mai shayi ba. A na huɗu ya bayyana da tabarau, ya ce wa jama'a su je su tambaya, sikirif ɗinsa ne ya ba ruga ruwa, kuma duk ofishin nan babu wanda kwamfuta ta san sunansa sau goma sha tara sai shi. Hamidu tela ya ce wannan kam ya ji da kunnensa.

Bayan wata biyu aka gama haƙa rijiyar, gindin tsamiyar nan kuwa aka haƙa ta, ruwa ya fito garau. Ranar da aka fara bugawa, Hajjo ta cika jarka ta farko da hannunta, ta ɗora wa ɗan kabu-kabu har Gwandu, har ƙofar gida mai rijiya bakwai. Ɗalha yana zaure, ya miƙe baki har kunne, ya ce ai ya san tsohuwar ba za ta manta da shi ba, a kawo moɗa. Ɗan kabu-kabun ya riƙe jarkar gam, ya ce a yi haƙuri, da sharaɗi aka aiko shi, kuma sai a hannun matar gida zai faɗa.

Hauwa'u ta fito ta karɓa. Ɗan kabu-kabun ya ce Inna Hajjo na gaishe ta, ta ce ta sha, Mufida ta sha, maƙwabta su sha, ko akuyar gidan a ba ta.

Hauwa'u ba ta jira ya ƙarasa ba. Ta rungumi jarkar ta juya ciki, ta ce sauran ta sani, banda Ɗalha.